Kanta Marar Ƙofa

A shagon kafinta, tsoho yana jiran gyaran kujerarsa, idonsa na kan wata doguwar mace mai ƙurar alli a hannun riga. Da gani malamar ƙananan yara ce. Tana durƙushe, tana miƙa hannu kamar yaro, tana gwada tsayin kantar littattafan ajinta.

"A rage ƙafafun, kuma ban da ƙofa," in ji ta.

"Haba Malama, ba makulli? Ai yagawa za su yi!"

Tsohon ya tuna kabad ɗin makarantarsu: littattafai tsaf bayan gilashi. Har ya gama, bai taɓa ko ɗaya ba.

"Su yaga, Baba, zan liƙe. Waɗanda muka kulle, gara ce ta karance su."

Kafinta yana dariya, yana laluben zarto.