Ranar da Sabuwar Kwamfutarmu Ta Ce Manhajarta Jabu Ce

Cikin shekarun da na yi ina aikin jami'in jarrabawa, akwai wata Litinin da har yau ban manta da ita ba. Lokacin ina wata makarantar sakandare a ƙasar Roni, damina ta kankama, saura mako biyu a fara jarrabawar zango na uku. Ku da kuka shigo aiki kwanan nan, jami'in jarrabawa shi ne mai karɓar tambayoyi daga malamai, ya buga su, ya adana sakamakon kowane ɗalibi. Idan abu ya lalace a nan, shi ake nema.

A shekarar ne ƙungiyar iyaye da malamai ta yi karo-karo don a saya wa ofishina kwamfuta, saboda mun gaji da kai tambayoyi shagon buga takardu, inda sau biyu suka fita kafin ranar jarrabawa. Shugabar makaranta, Hajiya Binta, ta ce tunda ni zan yi aiki da ita, ni zan je in sayo. Na hau babur zuwa Kazaure, na shiga shagon wani Malam Ilyasu da aka yi mini kwatancensa. Ya fito da sabuwa dal a kwalinta, ya ce in je in yi sallar Azahar in dawo, za su “shirya” ta. Ban tambaye shi mene ne shirin ba. Na dawo na same ta a kunne, ya ba ni rasit, na ɗaure ta a bayan babur.

Kwana goma tana aiki lafiya lau. A waccan Litinin ɗin ne na haɗa ta da intanet ta wayata a karon farko. Ban daɗe ba sai hoton fuskarta ya ɓace, ta koma baƙa, wani rubutu na Turanci ya fito a kusurwar ƙasa ta dama. Ma'anarsa: mai yiwuwa babbar manhajar da ke tafiyar da wannan kwamfuta ba ta gaske ba ce. Na kashe na kunna. Yana nan. Har gefen rigata na sa na goge wurin, ni da kaina na san ba datti ba ne.

Na je na sanar da Hajiya Binta. Ta zo, ta sa tabarau, ta karanta sau biyu.

“Malam Nasiru, kenan jabu ka sayo mana?”

“Ranki ya daɗe, cewa ta yi mai yiwuwa.”

“To wa zai tabbatar mana? Ita da ta faɗa, ko kai da ka sayo?”

Kafin a tashi, maganar ta zagaye ofishin malamai, kowa da fassararsa. Wani ya ce kayan sata ne, masu ita za su biyo sawu har makaranta. Wani ya ce 'yan damfara ne suka shigo ta wayata, in cire layina. Malamin lissafi ya rantse cewa bayan kwana talatin za ta kulle kanta ta share duk abin da ke ciki. A cikinta kuwa akwai tambayoyin darussa tara da na riga na buga. Na rasa maganar wa zan kama.

Washegari shugaban ƙungiyar iyaye ya zo, Alhaji Buba, dattijo ne mai shanu wanda ya fi kowa ƙoƙari wajen tara gudummawar. Bai ɗaga murya ba. Ya zauna a benci, ya jingine sandarsa, ya ce:

“Ɗana, ni ban san wannan na'ura ba. Amma in zan sayi saniya, ina buɗe bakinta in duba haƙori. Kai me ka duba?”

“Baba, na duba kwali, na duba rasit.”

“Iyaye suna tambayata, har wasu na cewa tsohuwa aka sayo aka ce sabuwa. Me zan ce musu?”

Nan ne na gane ba kwamfuta kaɗai ke cikin matsala ba, har da sunana. Hajiya Binta ta ce bisa ƙa'ida sai na rubuta bayani a takarda, a karanta a taron ƙungiya ranar Asabar. Ta ba ni ranar Laraba in koma Kazaure.

Abin da ya ƙara rikita ni shi ne Malam Ilyasu bai nuna alamar mai laifi ba ko kaɗan. Ya juya kwamfutar, ya nuna mini wata 'yar takarda mai ƙyalli da aka manna a ƙasanta.

“Ga hatimin kamfani nan, Malam. Ta gaske ce. Daga Kano na ɗauko ta a kwalinta.”

“To me ya sa take cewa ba ta gaske ba ce?”

“Ai laifinka ne da ka haɗa ta da intanet. Kawo in ɓoye maka rubutun, minti biyar ne.”

Hatimi ya ce ta gaske ce, kwamfuta ta ce ba haka ba, mai shago kuma ya ce ta gaske ce amma a ɓoye rubutun. Har na miƙa masa ita, sai na tuna da taron Asabar. In an ɓoye rubutun, me zan rubuta a takardar bayani? Na karɓe abata.

Akwai wata da muka yi kwaleji tare, Malama Sa'adatu, tana koyar da ilimin kwamfuta a nan Kazaure. Na kira ta, ta ce in same ta a makarantarsu. Ta buɗe wani sashe na kwamfutar da ban taɓa shiga ba, ta karanta, sai ta yi dariya. Ni kuwa ba dariya a raina.

Ta yi mini bayani a hankali. Ita wannan babbar manhaja iri-iri ce: akwai ta amfanin gida, akwai ta manyan ofisoshi. Kamfanin da ya ƙera kwamfutar ya riga ya biya lasisin ta gida, ya saka shi a cikin na'urar tun daga masana'anta, hatimin nan shaidarsa ce. Amma wani ya goge ta gidan, ya ɗora ta ofisoshi wadda ba a biya lasisinta ba. Da ta samu intanet, sai ta bincika kanta ta ga babu izini.

Na ce, “To Malama, jabu ce ko ba jabu ba?”

Ta ce, “Kwamfutar ta gaske ce. Lasisinka na gaske ne. Abin da aka ɗora a kai ne na sata.”

Sai da ta maimaita sau uku kafin ya zauna mini. Muka kira Malam Ilyasu a waya, ta tambaye shi. Bai musa ba. Ya ce haka suke yi wa duk wanda ya saya, don mutane sun fi son “babbar”, wato ta ofisoshi, shi a ganinsa alheri ya yi mini kyauta. Da ta ce masa ya goge abin da aka biya ya sa na sata, sai ya ce wallahi bai san akwai lasisi a ciki ba. Na yarda da shi, don muryarsa ta mai ruɗewa ce irin tawa.

Malama Sa'adatu ta kwashe tambayoyina ta zuba a filas, wato 'yar na'urar adana bayanai, ta mayar da manhajar gidan. Da muka haɗa da intanet, kwamfutar ta gane lasisinta da kanta, rubutun bai sake fitowa ba. Ta rubuta mini bayanin da hannunta, ta sa hannu.

Ranar Asabar na karanta takardata a gaban iyaye, da Hausa. Na ga wasu suna kallon juna, na san ba su gane ba, ni ma kwana uku da suka wuce ban gane ba. Alhaji Buba ya ce in kunna ta. Ya matso, ya daɗe yana duban kusurwar da na nuna masa.

“Yanzu ta daina ƙorafi?”

“Ta daina, Baba.”

“Kuma tambayoyin yara suna ciki?”

“Suna ciki.”

Ya juya ga jama'a ya ce, “Malam bai ci amana ba. Bai dai tambaya ba ne.” Aka yi addu'a aka tashi. Jarrabawa ta gudana a kan lokaci, kuma a shekarar ko tambaya ɗaya ba ta fita ba.

Abin da na ɗauka daga wannan shi ne, a harkar nan sau da yawa mai sayarwa ma bai san abin da yake sayarwa ba, kuma mai sayen yana jin kunyar nuna rashin saninsa. Kunyar ce ta kusa ɓata mini suna. Don haka duk wanda aka aika sayen kayan ofis a cikinku, in aka ce masa ya je ya dawo za a “shirya”, kada ya tafi ko'ina. Ya ja kujera ya zauna, ya ce a faɗa masa abin da za a cire da abin da za a saka.