Idon hagu da na ɓoye wa likita

Jiya ina ƙoƙarin saka zare a allura, sai na ji na karkata kai, kamar yadda na saba tun ina yarinya. Nan take raina ya ɓaci, don na san inda wannan karkatar ta samo asali. Bari in ba ku labarin.

Shekarar da soja suka fara miƙa mulki ga farar hula ina 'yar shekara bakwai. Gidanmu na wani lungu bayan hasumiyar Gobarau, ni kuma a ɗakin Kaka, mahaifiyar babana, na tashi. Ita kaɗai ta san idona na hagu ba ya gani sosai. Wata safiya tana sa mini kwalli, ta danne na dama da yatsa, na ce mata fuskarta ta koma dishi-dishi. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce kada in faɗa wa kowa.

A ƙarshen damina, lokacin da ake kawo mana sabon gero daga Batagarawa, malaminmu ya ce likitan ido zai zo makaranta ya duba yara. Da na kai labarin gida, Kaka na tankaɗe, sai ta ajiye rariya. Tana da ƙane da ƙaya ta soke shi a ido, aka yi ta maganin gida har idon ya lalace, sannan aka kai shi asibiti aka cire. Ita dai abin da ta riƙe shi ne ya tafi da ido biyu ya dawo da ɗaya.

"Ƙawata, zo nan," in ji ta. "Kome suka tambaye ki, ki ce kina gani. In suka gane, ƙwaƙule shi za su yi."

Ranar aka jera mu a baranda. Likitan dattijo ne mai sanyin murya. Ya rataye farin allo mai wani harafi mai ƙafa uku, manya a sama, ƙanana a ƙasa. Yaro zai tsaya daga nesa, ya rufe ido ɗaya da tafin hannu, ya nuna inda ƙafafun suka kalla. Da idon dama na sauka har layin ƙasa. Da aka ce in rufe na dama, allon ya zama fari fat, ko babban harafin da ƙyar nake hango shi. Sai na ɗan buɗe tsakanin yatsuna, na leƙa. Yara sun fi ɗari, bai lura ba.

Ya matso ya ja fatar idona ƙasa, ya haska mini ƙaramar fitila, ya ce in bi yatsansa hagu da dama. Ya leƙa ciki da wani ɗan madubi, har ina jin warin maganin hannunsa. "Masha Allah, ɗiyata, idonki lafiya lau," ya ce. Wallahi da gudu na koma gida. Kaka ta yi ta hamdala, ta dama mini fura da nono har da sukari.

Sai da na yi 'ya'ya uku wani likita ya gano. A nan babu tafin hannu, wani baƙin murfi ya ɗora mini a ido. Ya ce ƙwayar idon ba ta da ciwo, shi ya sa fitila ba ta nuna komai. Idon ne bai koyi gani ba, kuma irin wannan sai yaro ya faɗi gaskiya ake kama shi. Da an gane a lokacin, tabarau ne kawai da rufe mai lafiyar na 'yan watanni. Ba wuƙa, ba komai. Na ce to yanzu fa? Ya ce, "Hajiya, lokacin ya wuce."

A lokacin Kaka na da rai, ta tsufa tukuf. Na tashi daga asibiti da fushi na nufi ɗakinta, na zauna bakin gado, bakina cike da magana. Ta shafa fuskata tana tambayar yara. Na kasa faɗa mata.

Yanzu da ƙafata nake kai jikokina a duba su, in tsaya a kansu ina cewa abin da ba su gani ba su ce ba su gani ba. Amma har yau ban san ko da wa zan yi fushi ba. Kaka ta rasu tana ba mutane labarin yadda ta ceci idon jikarta, ni kuma duk sanda ta faɗa a gabana sai in ce, "Haka ne, Kaka."