Malam Sule da Kirikirin Maƙabarta

Ina zaune a ƙofar gida a Birnin Kudu bayan la'asar, sai wani direban motar Gwaram ya tsaya, ya durƙusa ya ce, "Baba, sai haƙuri. Malam Sule na Kwandiko ya riga mu gidan gaskiya." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Tare muka yi kiwon awaki. Shi ya tafi Kano, ƙarfinsa ya ƙare a kula da ciyawar filin golf, inda manya ke bin 'yar ƙwallo da sanda. Mukan tsokane shi, "Sule, kowa na kashe ciyawa, kai kana shayar da ita!" Sai ya ce, "Ciyawa ma hali gare ta. Wata takan riƙe ruwa da damina, ƙasa ta yi taɓo, ƙwallo ta nutse kamar dutse a kunu. Kirikiri kuwa saiwarta ɗinke ƙasa take yi. Da rani ta bushe, fili ya yi tauri, ƙwallo ta yi ta gudu. Ruwa na sauka ta farfaɗo, ƙafa ba ta nutsewa."

Da ya dawo gida, ya tarar kwazazzabo na cin gefen maƙabarta, daidai inda matarsa Hajara take kwance. Ya ɗebo kirikiri, wadda kowane manomi ke tsine wa, ya dasa, yana jido ruwa a tulu duk da ciwon gwiwa. Ta kama.

To, al'adarmu ce kafin damina samari su yi gayyar share maƙabarta. Ranar yana kasuwa. Suka ga kirikiri, hannun manomi kuwa ba ya ganinta ya ƙyale, suka nome ta. Ya dawo suka tare shi da murna: "Baba, mun gyara wajen Inna tas!" Ya daɗe yana duban jar ƙasar. Ya ce, "Allah ya yi muku albarka." 

Ruwan Agusta ya tafi da gefen nan. Da shi aka bi kwari ana tsintar abin da ba a faɗa. Kashegari ya sake dashe. Yakan ce, "Wanda ya kwanta ba ya iya gyara shimfiɗarsa."

Na je jana'iza. Masu haƙa suna gumi suna fama da saiwar kirikiri, ɗaya ya ce, "Kai, ƙasar nan kamar tabarma!" Babu wanda ya yi dariya.

Allah ya jiƙan Malam Sule, ya yalwata kabarinsa, ya haɗa shi da Hajara a Aljanna. Ya ba 'ya'yansa haƙuri da abin rufin asiri. Ku kuma samarin Kwandiko, damina ta ƙarato. In kun zo gayya bana, ku yi masa addu'a, ku bar fartanya a gida.