Babbar Rigar Ladan Mai Tuwo

Duk wanda ya taɓa sauka a tashar Ƙafin Maiyaki da yunwa ya san rumfar Ladan. Miyar taushensa tun daga bakin titi take kiran mutum. 'Yan acaɓa su ci, su suɗe kwano, su ce, "Uwar ɗaki, a ƙaro mana miya." Ya yi murmushi ya ƙara. Murmushin ya daɗe a fuskarsa har ya zama kamar tabon ƙuna, ya daina zafi amma ya ƙi gogewa.

Yana yaro a ƙauyen Ba'awa ɓarin jikin mahaifiyarsu ya shanye, gidan kuma babu 'ya mace. Yayansa Hamidu ya ɗauki fartanya, shi ya ɗauki muciya, don dole wani ya tuƙa abin da za a ci. Daga kwance tsohuwar ta koya masa talge, ta koya masa lokacin sa daddawa. Hannunsa ya faɗa, bakinsa ya ɗauki maganar mata, har tafiyarsa aka ce ta sauya. Kafin gemu ya fito masa gari ya raɗa masa ɗan daudu, sunan kuwa ya bi shi har furfura.

Hamidu ya rasu ya bar 'yar yaye, Bushira, uwarta ta yi wani auren a Doguwa. Dangi suka tsaya kallon juna. Ladan ne ya goya ta da zanen da yake ɗaurawa saboda wuta. A gindin murhunsa ta yi wayo, da tukunyarsa ta gama sakandare.

Da aka sa ranar aurenta da wani saurayi, Sagir, Ladan bai tambayi kowa ba, don abin a fili yake: ƙanen uba shi ke ba da aure. Shi zai zauna a tabarmar gaba, wakilin ango ya nema, shi kuma ya ce, "Na ba shi." Ya kai shadda wurin tela aka ɗinka masa babbar riga, ta farko a rayuwarsa. Yana tuƙi yana gwada kalmomin, yana kaurara murya.

Ana jibi ɗaurin aure Dikko ya zo rumfa. Ɗan baffansu ne, shi ne babba a gidan yanzu. Sai da ya ƙoshi ya wanke hannu sannan ya yi magana.

"Ladan, mun zauna da 'yan uwa. Ni zan yi waliccin yarinyar nan."

"Yaya, ai ina raye."

"Wa ya ce ka mutu? Dangin yaron malamai ne a Dangora. Ka buɗe baki a gabansu, ka karya wuyan nan yadda ka saba, me za su koma su ce? Ka rufa mata asiri."

"Lokacin da take ƙyanda wa ya rufa mata?"

Dikko ya sakace haƙori. "Allah zai biya ka. Abincin baƙi kuma yana hannunka, ka san ba mai iya shi sai kai."

Da la'asar Bushira ta zo, hannunta da lalle. Ya zaci ta zo ta ce ba ta yarda da waliccin Dikko ba. Ta durƙusa, idonta a kan toka.

"Baffa, ka yi haƙuri. 'Yan uwan Sagir ba su san sana'arka ba. Ce musu na yi kana harkar abinci."

"Ai ba ki yi ƙarya ba, uwata."

Ya zuba mata tuwo, ya tsamo mata tsokar da ta fi so.

An ɗaura auren a ƙofar gidan Dikko. Ladan yana bayan katanga cikin mata, hayaƙi yana cin idonsa, ya ji kalmominsa sun fito ta lasifika da muryar wani. Da aka ce Fatiha ya jingine muciya, ya ɗaga hannuwansa masu tabon wuta, ya shafa.

Aka fitar da kwanuka. Ta tagar zaure ya jiyo wani dattijon Dangora yana santi, yana tambaya wace baiwar Allah ce ta yi wannan miya.

"Wata 'yar uwarmu ce," in ji Dikko.

Rigar tana ƙasan akwatinsa har yau, da karin gugarta.