Saurayi mai tikitin mako

"Ba ni na mako," in ji Ilu, saurayina a lokacin, yana miƙo kuɗi ta taga.

A shekarun tamanin ni ke sayar da tikitin bas ɗin ma'aikatan masaƙa a Sharaɗa. Mazauna Kano na wata suke yanka, ya fi araha. 'Yan cirani kuwa na mako, don ruwa na sauka su gudu gona.

Na ce, "Kai da ka rantse a nan Kano, a unguwar Ɗorayi, za mu tsufa?"

Ya ce, "Binta, rai a hannun Allah yake."

Na ce, "Aurena ma haka. Matsa, akwai layi."

Ruwan farko na sauka Ilu ya ɓace, har da takalmin kamfani.

'Yan matan yanzu da daɗin baki ke kwashewa, ku me kuke dubawa?