Hoton Auta a Bakin Raga

Innarmu ba ta taɓa ganin filin ƙwallo ba sai ta tagar mota. Matar malami ce, ta yi zamanta a gidanmu na Kafin Hausa tsakanin alluna da tukwane, sai ga autanta ya tashi ba abin da yake so kamar tsaron raga. Tun yana sakandare yake gola, har ya biyo ni Dutse, ya samu aikin koyarwa, ya kuma zama golan ƙungiyar unguwarmu. Ita dai labarinsa kawai take ji a bakin mutane. In aka nuna mata hotonsa a waya yana wasa, sai ta kai shi kusa da ido, ta nisantar, ta ce, "Wannan ai ko akuya aka ce min ce sai in yarda."

Gaskiyarta ce. Hotunan duk dishi-dishi suke, kamar an shafa gawayi a bango.

A shekarar da nake ba da labari, gwiwar Auta ta fara ba shi wahala, likita ya ce ya haƙura da ƙwallo. Ya roƙi a bar shi ya ƙarasa gasar kofin unguwanni, Allah kuma ya kai su wasan ƙarshe. Da na je gida gaishe ta, Inna ta dube ni ta ce, "Kai da kake yawo da na'ura a wuya gidan suna da walima, ka kawo min yaron nan in gan shi da idona kafin ya daina." Maganar ta zauna min a zuciya, domin na san daga wannan wasan babu wani.

Kyamarata ba laifi, amma gilashin da ya zo da ita na cikin ɗaki ne, ba ya zuƙo abin da ke nesa. Na je wurin wani abokina mai shagon ɗaukar hoto a bakin kasuwa, ya fito min da gilasai biyu na hannu da ya sayo a Kano. Ɗaya siriri ne, mara nauyi, yana zuƙowa har milimita ɗari uku a ma'aunin gilashi. Ɗayan ɗari biyu ya tsaya, ga kauri, ga nauyi kamar taɓarya. Muka fita ƙofar shago da tsakar rana, na ɗaura siririn, na saita shi kan duwatsun bayan gari. Wallahi har ƙadangaren da ke gyaɗa kai a kan dutse na gani. Abokina ya ce, "To me kuma kake jira?"

Na kusa cewa a sa min shi a jaka, sai aka kira sallar azahar. A nan hankalina ya dawo jikina. Wa yake buga ƙwallo da azahar a Dutse? Mu ƙwallonmu tsakanin la'asar da magariba take, a ɗan wannan tsukin da rana take tattara kayanta. Na ce ya ba ni su duka biyun in gwada a filin atisaye da yamma.

Can na gane halin kowanne. Siririn mayaudari ne. Da zarar ka zuƙo, sai ƙofar da haske ke shiga ta tsuke, dole kyamara ta yi jinkirin ƙiftawa, kafin ta rufe ido ɗan wasa ya bar wurin, sai inuwarsa. Mai kaurin kuwa ƙofarsa a buɗe take wangale, ko ka zuƙo ko ka saki, shi ya sa kyamara ke ƙiftawa da sauri ko da rana ta yi ja. Aibinsa shi ne ba ya kai ka nesa, sai ka taka da ƙafarka ka matsa, ga kafaɗa tana kuka. Shi na zaɓa. Abokina ya yi ta min tsiya, wai na bar doguwar mota na hau adaidaita.

Ranar wasan an ce za a take da an idar da la'asar. Na san ba za a yi ba, kuma ba a yi ba. Babban baƙo bai iso ba, a wurinmu kuwa ba a taɓa ƙwallon ƙarshe sai babban baƙo ya sa mata ƙafa. 'Yan wasa suka yi ɗumin jiki har suka huce. Da ya iso kuma sai da aka yi jawabai, kowa da "ba zan tsawaita ba" a bakinsa. Ina tsaye kusa da kwana ina kallon rana tana sulalewa, raina yana ɓaci, kamar in je in ƙwace lasifikar.

Aka tashi ba wanda ya ci wani, aka tafi bugun fenareti. Lokacin tantabaru sun fara komawa gida, ladan na masallacin gefen fili yana hura lasifika, alƙalin wasa yana ta gaggauta mutane. Na durƙusa a gefen raga, na dafe gwiwar hannu a cinya don kada nauyin ya sa ni rawa. Bugun ƙarshe, in Auta ya tare a ci gaba, in ta shiga shi ke nan. Ya tashi dama da dukkan jikinsa, na danna. Ƙwallon ta goge yatsunsa ta shige.

Hoton ya fito garau. Ga shi shimfiɗe a iska, ba abin da ke taɓa ƙasa, ido a buɗe, har zaren bandejin gwiwarsa ana gani, ga kuma ƙwallon ta riga ta wuce hannunsa. Ban taɓa ɗaukar hoto mai kyau irinsa ba, kuma ban taɓa jin tausayin ƙanena kamar lokacin da na nuna masa ba. Ya kau da kai ya ce, "Yaya, don Allah goge wannan. Ka kai mata waɗanda na kama."

Ban goge ba. Na wanke su duka, na sa shi a ƙarshe, muka shiga mota tare ranar Juma'a. Inna ta zauna a kan tabarma tana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, tana murmushi, tana cewa ga kunnen babansa nan. Da ta zo kan na ƙarshe sai ta ƙura masa ido. Auta ya sunkuyar da kai yana jiran a tambaye shi ƙwallon. Ita ko kallon ƙwallon ba ta yi ba.

"Da ya tashi haka, wa yake tare shi in zai sauko?"

Na ce, "Ba kowa, Inna. Ƙasa ce."

"Kullum?"

"Kullum."

Ta ajiye hoton a cinyarta, idonta ya cika. Ta miƙa hannu ta jawo shi, ƙato mai gemu wanda ɗalibai ke ce wa Malam, ta zaunar da shi a gabanta, ta fara danna kafaɗarsa ta dama a hankali tana tambayarsa inda yake ciwo.