Neman Ya Falmata a Shehuri

Kano zuwa Maiduguri

Da asuba na bar Kano, a shekarar da aka kashe layin waya a Borno. Umma ce ta aike ni in gano mata ko aminiyarta ta ƙuruciya, Ya Falmata, tana raye. Daga Damaturu kuwa na daina ƙirga shingen sojoji. A sauka, a ɗaga hannu, a taka, a sake hawa. Ni mai ciwon gwiwa na sha wuya. Da la'asar muka shiga gari, na kwana gidan ƙanin mijina a Bulumkutu.

Shehuri

Da hantsi mai Keke Napep ya ajiye ni a Dandal, filin ƙofar fada, na shiga lungunan unguwar Shehuri a ƙasa. Inuwar darbejiya ko'ina, malamai a kan tabarmi, ƙamshin turaren wuta na fitowa daga zaure. Ni da shegen kallo, har ƙofofin gidajen mutane nake tsayawa dubawa. Ashe ni ma kallona ake yi.

Kwatancen Umma shi ne gida kusa da masallaci. Masallatai kuwa ba iyaka, Falmata ma kowane gida da tasu. Duk wanda na tambaya sai ya ce bai sani ba, don a lokacin ba a nuna wa baƙo gidan kowa. Sai da na ambaci sunan kakana, maɗinkin huluna da ya taɓa zama a unguwar, wani dattijo ya nuna mini wata ƙofa da haɓa.

Na yi sallama. Wata tsohuwa ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Nji."

Na ɗauka "in ji wa" take nufi, wato wa ya turo ni. Na hau rantsuwa ina jero dangina kaf. Sai ga kwanon ruwa an miƙo. Ashe da Kanuri nji ruwa ne, umarni ta ba surukarta. Tsohuwar, Ya Falmata ce da kanta, ta yi dariya har da hawaye, ta ce wannan surutun na Hauwa ne, wato Umma.

Na tambayi ƴaƴanta maza uku da Umma ta lissafa mini. Ta gyara zama.

"Ki ce mata ina nan. Kar ki faɗa mata sauran."

Komawa

Washegari na iso Kano lafiya, alhamdu lillahi. Umma ta ji Ya Falmata tana raye ta yi sujada. Da ta ɗago ta tambayi yaran, na ce sun gaishe ta.